Babur ya riga farmi isowa gida: ina mafita ga matasanmu?

Duk wanda ya tsaya na ɗan lokaci a bakin babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko kuma tashar Birnin Ƙonni da hantsi, ba ya bukatar wani ma'aikacin ƙididdiga ya gaya masa cewa babur, wanda muka fi kira moto, shi ne jakin wannan zamani. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare, shi ke kai malamin lakwal ƙauyen da aka tura shi, shi ke ɗauko buhun hatsi da akuya ranar kasuwa, kuma da shi ne dubban matasa ƴan kabu-kabu ke ciyar da iyayensu da iyalansu. To amma da za a tsayar da masu wucewar nan ɗaya bayan ɗaya, a ce kowa ya fito da farminsa na tuƙi, mai karatu ya san abin da za a tarar. Wani zai fito da rasit ɗin sayen babur, wani zai fito da katin sandika, wani kuma zai soma ba da haƙuri tun kafin a tambaye shi.

A wurinmu an saba a sayi babur yau, a koyi tuƙi gobe a filin bayan gari, a shiga titi jibi da fasinja a baya, farmi kuwa sai ranar da aka kama mutum. Wannan ɗabi'a ta fara lissafi daga ƙarshe ita ce za mu duba a yau, domin abubuwan da suka faru cikin ƴan shekarun nan, daga tsadar mai zuwa rufe iyakoki da matsalar tsaro, sun sa kuskuren da a da ake biyansa da ƴar tara kaɗan, yanzu ana biyansa da jari gaba ɗaya, wani lokaci ma da rai.

Yadda muka zo nan

Waɗanda suka ɗan manyanta suna tune da lokacin da babur kayan ma'aikacin gwamnati ne ko babban ɗan kasuwa. Mobilet ce ƴar Faransa, ko Yamaha da Suzuki da Honda ƴan Japan, kuma wanda ya mallaki ɗaya daga cikinsu sananne ne a unguwa. Abin ya sauya a wajajen shekara ta 2000, lokacin da babura masu araha ƴan ƙasar Sin suka soma kwararowa ta tashar jiragen ruwa ta Kotono da kuma kasuwannin Kano, Katsina da Sakkwato. Da farko an ga irin su Jincheng mai hayaƙi, wanda ke shan baƙin mai tare da isansi, daga baya su Kasea, Royal, Haojue da Sanili suka cika gari, sannan ƴan Indiya, wato Boxer na kamfanin Bajaj da kuma TVS, suka shigo suka kama nasu wuri.

Abubuwa biyu ne suka taimaka wa wannan yaɗuwa. Na farko shi ne mai mai araha, domin shekara da shekaru gwamnatin Najeriya na biyan tallafi a kan isansi, ƴan ruwa-ruwa kuma na tsallako da shi suna sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya, daga Ɗan Isa zuwa Magarya. Na biyu shi ne yawan matasa: kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma kowace shekara da an gama girbi sai samari su doshi birane neman abin yi. Kabu-kabu ita ce sana'ar da ba ta tambayar takardar lakwal, ba ta bukatar shago, kuma da yamma mutum na komawa gida da ɗan abin cefane.

Sai dai shi tsarin ba da farmi bai bi wannan sauyi ba. An gina shi ne tun lokacin da masu abin hawa ƴan tsiraru ne, galibinsu masu mota, mazauna manyan birane, masu jin Faransanci. Babura suka ninka suka sake ninkawa, ƙofar shiga doka kuwa ta tsaya yadda take.

Lissafi ya canza

A ranar 29 ga watan Mayun 2023, shugaban Najeriya Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin mai. Cikin ƴan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Kwalbar ɗan ruwa-ruwa ta daina zama mafaka, jama'a suka koma gidajen mai, nauyi ya faɗa kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauke farashin lita daga sefa 540 zuwa 499, abin da ya ɗan sanyaya zuciya, to amma a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai na Yamai da sauran garuruwa. Mu ɗauki misali a kan farashin 499 ɗin nan: ɗan kabu-kabun da ke ƙona lita 3 a rana yana kashe sefa 1,497, wato kusan jika 45 a wata, tun bai ci abinci ba, bai canza baƙin mai ba, bai kai wa mai babur kuɗinsa ba.

Haka kuma bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta saka takunkumi, iyakoki suka rufe. Ko bayan da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. Hanya in ta yi nisa, kuɗinta a kan mai saye yake ƙarewa, kuma masu sayen taya da sarƙa da buji sun ji a aljihunsu.

Sannan ga batun tsaro, wanda ya fitar da babur daga sahun abin hawa kawai ya mai da shi abin tuhuma. A watan Fabrairun 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Difa, an hana zirga-zirgar babura a jihar Difa. A watan Janairun 2020 aka ɗauki irin wannan mataki a sassan jihar Tilaberi. An ɗage shi a Satumban 2021, ba a jima ba aka maido da shi. A Kano an hana acaɓa a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ta maye gurbi. A 2022 kuma hukumomin Burkina Faso sun dakatar da shigowa da sayar da wasu nau'o'in babura, ciki har da Aloba da Sanili, saboda su ne ƴan bindiga suka fi hawa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Abin lura a nan shi ne, hukuma takan kai ga hana kowa da kowa ne a lokacin da ta kasa rarrabe mai neman halal da ɓata-gari, kuma ba ta da hanyar rarrabewa muddin babura na yawo babu lamba, masu su babu farmi, babu sunansu a kowane littafi.

Mene ne farmi, kuma me ya hana a neme shi?

Farmin tuƙi kashi-kashi ne, kowane da harafinsa. Harafin A na masu ƙafa biyu ne, B na ƙananan motoci, C na manyan motocin kaya, D na motocin ɗaukar fasinja masu yawa. A Najeriya ma lasisin babur shi ne mai harafin A. Kafin a ba mutum, sai ya ci jarrabawa biyu: ta dokokin hanya, wadda ake ce wa kod, da ta tuƙi a gaban jami'i. Ofisoshin ma'aikatar sufuri na jihohi su ke kula da wannan, kuma can ne ya kamata mai nema ya je da ƙafarsa ya tambayi takardun da ake bukata da kuɗin da doka ta yanka. Bin dillalin da zai ce a ba shi hoto da kuɗi ya kawo farmi har gida, ba tare da an zauna jarrabawa ba, sayen takarda ne, ba koyon tuƙi ba, kuma sau da yawa takardar ma ta jabu ce.

Wasu na cewa, ai na shekara biyar ina tuƙi ban taɓa faɗuwa ba, me kod zai ƙara mini? To ga kaɗan daga ciki. A mahaɗar da babu alama, babu wutar ba da hannu, wanda ya fito ta hannun damarka shi ke da hanya, ba wanda ya fi ƙarfin oda ba. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, ke nan tsakanin ganin yaro ya faɗo titi da taka birki, babur ya riga ya ci wannan tazara. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsayar da babur yana ninkawa sau huɗu. Yawancin ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, amma masu koyo a bayan gari tsoronsa ake koya musu, sai su dogara da na baya kaɗai, wanda ke sa taya ta ja a kan yashi. Direban tirela ko tifa yana da wuraren da madubinsa ba ya nuna masa, musamman ta hannun dama, kuma nan ne ƴan kabu-kabu suka fi son kutsawa. Waɗannan abubuwa ba a gadonsu, ba a kuma gane su da dabara, sai an koya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, cewa nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma haɗarin hanya shi ne ya fi kowace cuta kashe masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne shekarun masu sayen babur na farko.

Akwai kuma batun asiransi, wanda mutane da yawa ba su san alaƙarsa da farmi ba. Dokar asiransi ta CIMA, wadda ƙasashenmu suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yanki asiransin da zai biya wanda ya buge. To amma idan haɗari ya auku aka tarar direba ba shi da farmin da ya dace, kamfani na iya biyan wanda aka ji wa rauni, sannan ya juyo kan direban ya nemi kuɗinsa. Ke nan asiransi ba tare da farmi ba, rumfa ce mai yoyo.

Duk da haka, adalci shi ne a faɗi cewa ba taurin kai kaɗai ke hana matasa neman farmi ba. Manyan da suka iya karatu da rubutu a ƙasar nan ba su kai huɗu cikin goma ba, littafin kod kuwa da Faransanci yake. Makarantun koyon tuƙi a manyan garuruwa suke, kuma mota suke da ita, ba kasafai za ka ga babur na koyarwa a ƙofarsu ba. Saurayin da ke Tasawa ko Matamai ko Madawa sai ya bar aikinsa, ya biya kuɗin mota da na kwana, ya yi ta kai da komo. Idan ya auna wannan da ɗan abin da zai miƙa a bakin hanya ranar da aka tsayar da shi, sai ya zaɓi na biyun. Muddin karya doka ya fi bin ta araha da sauƙi, to wa'azi kaɗai ba zai yi magani ba.

Darasi daga maƙwabta

Ƙasashen da ke kewaye da mu sun gwada hanyoyi daban-daban, kuma akwai abin koyo a ciki. A watan Satumban 2006, da hukumomin Burkina Faso suka tashi tilasta sa kaske, wato hular kwano, rana ɗaya, sai tarzoma ta ɓarke a Wagadugu, dole aka sassauta. A watan Janairun 2009 Najeriya ta kafa irin wannan doka, sai aka ga ƴan acaɓa sun kifa ƙwarya da robar fenti a ka domin su wuce jami'ai. A Benin kuwa, daga watan Maris na 2024 aka tsananta tilasta kaske ga direba da fasinja, kuma an ga sauyi a titunan Kotono, duk da koke-koken da aka yi a kan tsananin wasu ƴan sanda. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, ɗan kabu-kabu na yawo da riga mai lamba da kaske biyu, ɗaya nasa ɗaya na fasinja, har abin ya zama al'ada.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, dokar da aka sauko wa talaka da ita daga sama babu shiri, ko dai ta haifar da rikici ko ta koma abin dariya. Wadda aka haɗa da bayani, da wa'adi, da ƙungiyoyin masu sana'ar, da kaya masu sauƙin samu, ita ke zama.

Zaɓen babur na farko

Yanzu bari mu juyo ga wanda ya tara kuɗinsa, ko ya sayar da rago da amfanin gona, yana shirin shiga kasuwa. Shawara ta farko ita ce ya kasa kuɗin kashi-kashi tun a gida: na farmi, na kaske, na asiransi, na duwan da lamba da takardar mallaka wadda muka sani da kart giris, abin da ya rage shi ne kuɗin babur. Wanda kuɗinsa ya kai na babur kaɗai, to gaskiya kuɗinsa bai kai ba tukuna.

Na biyu, ya tambayi kansa aikin da babur ɗin zai yi. Mai zuwa ofis ko lakwal cikin gari, ko mace mai zuwa aiki da kai yara, ƙaramin babur mai cc 110 wanda ba shi da kuloci a hannu, irin wanda ake kira roba-roba, ya ishe su: ba shi da nauyi, ba ya shan mai, kuma ana hawansa da zane ko doguwar riga. Asalinsa Honda Super Cub ne na 1958, wanda aka ƙera fiye da miliyan 100 nasa a duniya. Mai kabu-kabu ko mai bin hanyoyin ƙauye da kaya yana bukatar mai cc 100 zuwa 125, mai dogon sirdi da manyan tayoyi da tsawo daga ƙasa saboda yashi. Injin da ke cikin da yawa daga babura ƴan Sin masu cc 125 kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda aka fito da shi a tsakiyar shekarun 1970 musamman domin ƙasashen da ba a cika kula da inji a kan lokaci ba, shi ya sa kowane bakanike ya san cikinsa. Babban babur mai cc 150 ko 200 kuwa ba na mai koyo ba ne. Ƙarfin da hannu bai saba da shi ba shi ke jefa mutum cikin kwata, ga shan mai, ga kuma jawo idon ɓarayi da na jami'an tsaro. Ma'auni mai sauƙi shi ne, mutum ya zauna a kai, in ƙafafunsa biyu ba su taka ƙasa sosai ba, ko in ya faɗi ba zai iya ta da shi shi kaɗai ba, to ba nasa ba ne.

Na uku, kafin a je wurin mai sayarwa a fara zuwa wurin bakaniken unguwa. A tambaye shi wane babur ne kayan gyaransa ke samuwa a garin, wanne ne ya fi dawowa gareji, wanne ne kuma ke riƙe daraja in an tashi sayarwa. Babur mai ƙyalli wanda sai an aika Kano ko Yamai kafin a samo masa ƙaramin ƙarfe, ranar da ya lalace ya zama turken ɗaure akuya.

Na huɗu, batun na hannu. Faɗuwar darajar naira ta sa babura daga ƙetaren iyaka sun yi araha ga mai sefa, kuma a nan ne tarko yake. Araha ba ta ado. A duba lambar shasi da lambar inji, a tabbata sun yi daidai da abin da ke rubuce a takarda, kuma babu alamar an goge an sake bugawa. A nemi takardar duwan. A san mai sayarwa da gidansa, a yi ciniki gaban shaidu, a rubuta, sannan a mai da kart giris da sunan wanda ya saya. A yau wanda aka kama da babur ɗin sata, ko wanda aka taɓa aikata ɓarna da shi, ba tara kaɗai zai fuskanta ba, tambayoyin da za a yi masa sun fi ƙarfin ba da haƙuri. A ta da injin da sanyin safiya, a duba hayaƙi, a saurari ƙara, a kalli sarƙa da tayoyi da birki biyun.

Na biyar, kaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kaske mai inganci da aka ɗaure daidai yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, yana kuma iya rage raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Amma hular ƴan gini ba kaske ba ce, kuma wanda ba a ɗaure igiyarsa a haɓa ba shi ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. A nemi mai kauri daga ciki, wanda ya kama kai, mai alamar harafin E cikin da'ira, a kuma yi hattara da na jabu. Zafin Afrilu gaskiya ne, sai dai zufa ana wanke ta. Haka nan a kula da mayafi da hijabi da bakin babbar riga, domin sarƙa da tayar baya sun sha fizgo fasinja ƙasa. Madubin da samari ke cirewa ranar farko domin ado kuwa, a bar shi inda kamfani ya sa shi.

Daga ƙarshe, ga waɗanda za su karɓi babur a hannun wani su riƙa biya kullum ko kowane mako har ya zama nasu: a rubuta yarjejeniya. Nawa ne jimla, wa ke gyara, me zai faru ranar rashin lafiya, ko ranar da aka kama babur, ko aka sace shi, ko hukuma ta hana zirga-zirga. Yawan gudun da ake zargin ƴan kabu-kabu da shi, wani ɓangarensa daga nan yake fitowa, domin wanda magariba ta kusa bai haɗa kuɗin maigida ba, ba ya ganin rami.

Abin da ya rage ga hukuma da jama'a

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan ana son talaka ya ga amfanin wannan mataki a rayuwarsa ta yau da kullum, to jarrabawar kod wuri ne mai kyau na farawa. Alamomin hanya zane ne, ba rubutu ba. Babu abin da zai hana a nuna wa mutum hoto a tambaye shi da baki, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, a gane ko ya san hanya ko bai sani ba.

Na biyu, jarrabawa ta je inda masu babura suke. Kamar yadda ake fita ƙauyuka yin rigakafi da rajistar haihuwa, haka ma'aikatar sufuri da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER za su iya tsara ayari mai zagaya gundumomi ranakun kasuwa, a yi kwanaki ana koyarwa, a yi jarrabawa a filin ƙwallo, a ba da takarda nan take. Kuɗin ya zama guda ɗaya, sananne, a manne shi a bango, a kuma faɗe shi a gidajen rediyo, yadda dillali ba zai sami wurin shiga ba. A ba da wa'adi na watanni, bayan ya cika sannan a tsananta kamu, kuma kamun ya zama da rasit. Baitulmali ma zai fi samu idan mutum dubu suka biya kaɗan-kaɗan, a kan mutum goma su biya da yawa sauran su bi ta bayan fage.

Na uku, sandikar ƴan kabu-kabu da ofisoshin magadan gari suna da makami a hannunsu: kada a ba kowa riga da lamba da wurin tsayawa a tasha sai ya nuna farmi, ko shaidar cewa ya shiga koyo. Wannan kariya ce ga sana'ar kanta, domin ranar da aka tashi maganar hana babura, ƙungiyar da ke da sunayen mutanenta da lambobinsu ita ce za a saurara. Ƴan kasuwa masu shigo da babura su haɗa kowane sabo da kaske na gaske. Masu kuɗin da ke raba babura ga samari, da ƴan siyasa da ƙungiyoyin da ke ba da su kyauta, su sani cewa miƙa makulli ga wanda bai koya ba alhaki ne.

Sai kuma mu iyaye. Mu ne ke aiken yaro ɗan shekara 12 kasuwa a kan babur muna alfahari wai ya iya. Mu ne ke kallon samari na wasa da babura ranar rakiyar amarya muna dariya, sai an kwaso wani a kai ɗakin ƙashi sannan a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma addini bai hana ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali ba.

Babur ba abokin gaba ba ne. A ƙasa mai faɗi irin tamu, inda kwalta ba ta kai ko'ina ba, shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, shi ne kuma jarin wanda ba shi da jari. Abin da ake nema shi ne a mai da kowane abu wurinsa: koyo da farmi a gaba, kaske da takardu su biyo, sannan babur daidai ƙarfin mai shi da aljihunsa. Hukuma ta sauƙaƙa ƙofa, matasa su shiga ta cikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya kuma sa kowa ya koma gida lafiya.